College Football 25: wasan bidiyon da ya mayar da taswirar Amurka filin zawarci

Yawancin waɗanda suka sayi wannan wasa sun saye shi ne don su riƙe madanni su jefa ƙwallo, su ji ihun 'yan kallo da kiɗan badujala na jami'o'i. Ni ɓangaren da ya riƙe ni shi ne wanda ba a buga komai a cikinsa, wato allon zawarci, inda ake jera maka sunayen yara 'yan sakandare, kowanne da garinsu da jiharsu da taurarinsa, wato makin ƙwarewarsa, kai kuma kana neman dabarar da za ka shawo kansu su zo makarantarka. A wannan ɓangaren wasan ya ci kuɗinsa. Ban taɓa ganin wani abu da ya fahimtar da mutum inda ƙwallon jami'o'in Amurka, wato ƙwallon Amurka da ake jefawa da hannu, take samo mutanenta cikin sauri kamarsa ba. Sai dai taswirar da yake koyarwa ta fi kama da ta shekaru goma da suka wuce fiye da ta yau, kuma zan zo kan wannan.

Kamfanin EA Sports ne ya fitar da shi ranar 19 ga Yuli, 2024, a kan PlayStation 5 da Xbox Series X da S, a kan kusan dala 70. Babu na kwamfuta. Kafin nan an shekara 11 ba a yi irinsa ba, tun NCAA Football 14 na 2013, saboda shari'ar da tsohon ɗan ƙwallon kwando Ed O'Bannon ya jagoranta kan amfani da kamannin ɗalibai 'yan wasa ba tare da an biya su ba. A wannan karon an biya, dala 600 ga kowane ɗan wasa da kwafin wasan kyauta, kuma sama da 10,000 suka amince a sa sunayensu. Duka jami'o'i 134 na babban mataki suna ciki.

Ga wanda bai saba ba, ƙungiyoyin NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, ba su da makarantun renon yara. Daga jami'a suke ɗauka, kuma sai yaro ya shekara uku da gama sakandare. Ita kuwa jami'a ba ta sayen yaro daga sakandarensa, ba a kuma raba mata su. Yaron ne ke zaɓa. Don haka koci komai girmansa sai ya cire girman kai ya shiga falon iyayen ɗan shekara 17, ya zauna ya yi fadanci, tamkar saurayin da ya san akwai manema goma a bayansa.

Ko murfin wasan ma darasi ne. Mutum uku ke kai. Donovan Edwards ɗan West Bloomfield ne a jihar Mishigan, ya kuma zauna gida ya buga wa Jami'ar Mishigan. Quinn Ewers ɗan Southlake ne a Tekzas, ya tafi Ohio State a 2021, bai jima ba ya dawo Jami'ar Tekzas. Travis Hunter kuwa an haife shi a Fulorida, ya yi sakandare a Suwanee kusa da Atlanta, ya yi wa Florida State alkawari, ranar sa hannu a Disamban 2021 ya ba kowa mamaki ya zaɓi Jackson State wurin koci Deion Sanders, daga baya ya bi kocin nasa zuwa Kolorado, inda ya ci Heisman, kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, a 2024. Ɗan gida, da wanda ya fita ya dawo, da wanda ya bi mutum ba makaranta ba. Kusan duk labarin zawarci yana cikin ukun nan.

A tsarin Dynasty, inda kake zama koci har tsawon kaka 30, kowace shekara ana ƙirƙiro dubban yara na boge. Allonka yana ɗaukar 35. Kowane mako ana ba ka awanni, kuma yawan awannin ya danganta da darajar makarantarka. Da su za ka binciki yaro, ko ka tura masa saƙo, ko ka tuntuɓi danginsa da abokansa, ko ka zuba masa awa 50 a lokaci guda, wato ka tura masa kowa da kowa. Shi kuma yana tace jerin makarantunsa daga takwas zuwa biyar zuwa uku har ya yanke. Akwai abubuwa 14 da ake auna makaranta da su: damar buga wasa, hanyar zuwa NFL, darajar rukuni (wato gungun jami'o'in da makarantar ke gasa a cikinsa), ingancin karatu, kayan atisaye, da sauransu. Biyu daga cikin kayan aikin nan su ne ruhin abin a wurina. Na farko kusanci da gida, wanda yana cikin 14 ɗin. Na biyu abin da wasan ya kira bututu, wato yankin da makaranta ko koci ke da tsohuwar hanya a cikinsa, ta yadda ƙoƙarin da ka yi a kan ɗan yankin yake yin nauyi fiye da na wanda ba shi da hanyar.

Inda suka burge ni shi ne ba su bi iyakar jiha ido rufe ba. Sun tsaga Fulorida, sun ware kudancinta daban. Sun tsaga Tekzas. Sun raba birnin Atlanta da kewayensa daga kudancin Jojiya, sun raba kudancin Kalifoniya daga arewacinta. Jihohin da ba su da yawan 'yan wasa kuma an haɗe wasunsu wuri guda. Duk wanda ya yi wannan rabon ya san sana'ar. Haka kuma sun sa kowane yanki ya fi haifar da irin nasa: kudancin Kalifoniya masu jefa ƙwallo, gabashin Tekzas manyan masu cafewa masu ƙirar ƙarfi, kudancin Fulorida masu gudun tsiya.

Wannan ba ƙirƙira ba ce. A ɗauki kudancin Fulorida. Lokacin da Howard Schnellenberger ya karɓi Jami'ar Mayami a 1979, shirin ƙwallonta ya kusa mutuwa. Sai ya shata layi a taswira, ya ce daga nan zuwa kudu "Jihar Mayami" ce, yaran cikinta nasa ne. A kakar 1983 ya ci kofin ƙasa, makarantar ta ƙara a 1987 da 1989 da 1991 da 2001. A gefen tafkin Okeechobee akwai ƙananan garuruwa biyu na noman rake, Belle Glade da Pahokee, talakawa ne ƙwarai, inda aka san yara da bin zomo a guje idan an cinna wa gonakin wuta lokacin girbi. Daga nan Fred Taylor da Anquan Boldin da Santonio Holmes suka fito. Amma shingen Schnellenberger ya daɗe da rushewa. Amari Cooper da Teddy Bridgewater sakandare ɗaya suka yi a Mayami, ɗaya ya tafi Alabama, ɗaya Louisville. Lamar Jackson, shi ma ɗan yankin, Louisville ya nufa, ya ci Heisman a 2016. A cikin wasan za ka ji wannan a jikinka: duk yaron kudancin Fulorida mai tauraro huɗu da ka sa wa ido, sai ka tarar da manyan makarantu sun riga sun yi masa dafifi.

Tekzas kuwa batun yawa ne da kuɗi. Garin Allen, a wajen Dallas, ya gina wa sakandarensa filin wasa mai kujeru 18,000 a 2012, kan kusan dala miliyan 60. Sakandare fa, ba jami'a ba. A nan Kyler Murray ya yi wasa, bai taɓa shan kashi a wasan da ya fara ba. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri yana shiga jami'a ne ya riga ya saba da taron dubbai da kocin da ba shi da wani aiki sai shi. Jojiya ita ce ta fi ba ni mamaki, domin ba ta kai Tekzas da Fulorida da Kalifoniya yawan jama'a ba, amma tana kafaɗa da kafaɗa da su wajen fitar da manyan yara. A ajin 2018 manyan masu jefa ƙwallo biyu na ƙasar gaba ɗaya, Trevor Lawrence na Cartersville da Justin Fields na Kennesaw, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ce tsakanin gidajensu. Lawrence ya tafi Clemson, kamar yadda Deshaun Watson ɗan Gainesville ya yi kafinsa. Aikin da Kirby Smart ya yi tun da ya karɓi Jami'ar Jojiya, kafin ya ci kofi a 2021 da 2022, rabinsa toshe wannan ɓarakar ne.

Luwiziyana kuma wani sha'ani ne na daban. Ƙaramar jiha, amma in aka auna da yawan jama'a tana cikin na gaba-gaba wajen kai mutane NFL, kuma LSU, wato Jami'ar Jihar Luwiziyana, ce kaɗai jami'ar babban rukuni a cikinta. Babu kishiya a gida. Ja'Marr Chase da Justin Jefferson duk 'yan kewayen New Orleans ne, kuma shi Jefferson masu raba taurari ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Shi ya sa idan ɗan jihar ya tsallake, kamar DeVonta Smith na Amite da ya tafi Alabama ya ci Heisman a 2020, ko Arch Manning da ya zaɓi Tekzas, abin ke zama kamar an yi musu sata da rana tsaka.

Don in gwada ko wasan ya san ɗaya gefen taswirar, sai na ɗauki Nebaraska. Makaranta ce mai tarihi, kofin ƙasa biyar, 1970 da 1971 da 1994 da 1995 da 1997, filinta ba ya rasa cika, amma jihar ba ta kai mutum miliyan biyu da rabi ba. A shekarata ta farko na kwallafa rai a kan wani mai cafe ƙwallo ɗan kudancin Fulorida. Bincike ya nuna gudunsa ya wuce taurarinsa. Na ba shi gurbin karatu tun makon farko, na riƙa zuba masa awanni, na shiga takwas ɗinsa, na shiga biyar. Sai aka bayyana abubuwa ukun da ya fi damuwa da su, ga kusanci da gida a ciki, ni kuwa makina a wannan fanni a ƙasa yake, don tsakanin Lincoln, garin da makarantar take, da Mayami ba nan kusa ba ne. Na gayyace shi kallon wasan gida, muka ci, sandar da ke auna sha'awarsa ta ɗan motsa. Makon da ya biyo baya wata makarantar Fulorida da ba ta kai ni komai ba ta wuce ni, ta ɗauke shi. Awannin da na ƙona a kansa da sun kawo mini kattan layin gaba, masu tare abokan hamayya, biyu ko uku daga jihohin da ke kusa, irin yaran da ba wanda ke rububinsu.

Haushi na ji, amma ban ga laifin wasan ba, don haka rayuwar Nebaraska take. Ko a zamanin koci Tom Osborne, kattan gaba ne 'yan gida, da yawansu ma sun shigo ne ba tare da gurbin karatu ba suka yi ta fama har suka samu wuri, amma masu gudu daga nesa ake ɗauko su. Tommie Frazier, wanda ya ja su zuwa kofin 1994 da 1995, ɗan Bradenton ne a Fulorida. Sannan da makarantar ta bar rukunin Big 12 ta koma Big Ten a 2011, sai ta daina zuwa Tekzas wasa kusan kowace shekara, wanda shi ne abin da koci ke faɗa wa uwa a Dallas ko Houston: za ki ga ɗanki ba sai kin hau jirgi ba. Da na sake farawa da kocin da na zaɓa masa bututun gabashin Tekzas, nan take allon ya canza kama. Yaran da a da ba sa ko duba ni suka fara sa ni a jerinsu. Taswira ɗaya, makaranta ɗaya, mutum ɗaya kawai aka canza.

Abin da wasan ba ya gaya maka shi ne dalilin da ya sa arzikin ya taru a Kudu. Akwai yanayi, domin a can ana atisayen bazara a sakandare kuma ana iya wasa a waje kusan duk shekara. Akwai ƙaurar jama'a daga tsoffin garuruwan masana'antu na Arewa, irin na yammacin Pennsylvania da suka haifi Joe Namath da Joe Montana da Dan Marino, zuwa jihohin rana. Akwai kuma tarihi mai ɗaci. Mafi yawan baƙaƙen fatar Amurka a Kudu suke, amma har ƙarshen shekarun 1960 manyan jami'o'in Kudu ba sa ɗaukarsu. Michigan State ta Duffy Daugherty ta ci moriyar wannan a 1965 da 1966 da 'yan Kudu irin su Bubba Smith na Beaumont a Tekzas da George Webster na Karolina ta Kudu. Alabama sai a 1971 baƙar fata ya fara buga mata wasa. Da ƙofar ta buɗe, yaran suka daina tafiya Arewa dole, kuma sannu a hankali ƙarfi ya koma inda suke. Rukunin SEC na jami'o'in kudu maso gabas ya ci kofi bakwai a jere daga kakar 2006 zuwa ta 2012, kuma daga 2006 har 2022 Ohio State ta 2014 ce kaɗai ta ci daga wajen Kudu. Ba na tsammanin wasan bidiyo ya koyar da wannan, amma wanda ya sani zai fi jin daɗin allon.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Na farko, kuɗi. Tun 1 ga Yuli, 2021 ɗalibi na iya karɓar kuɗi da sunansa da hotonsa, kuma daga 2025, bayan sasancin shari'ar House da 'yan wasa suka shigar kan biyan kuɗi, jami'a da kanta na iya raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko. A allon zawarcin College Football 25 babu asusun da za ka buɗe ka yi tayi. Akwai makin da ke auna yadda makaranta ke tallata ɗan wasa, shi ke nan. Alhali a zahiri tayi mai tsoka yana iya rage nisan mil dubu ya koma kamar bayan gida. Rashin wannan ya sa kusanci da gida ya yi nauyin da ya fi na gaskiyar yau.

Na biyu, bututu a wasan lamba ce kawai da ke hawa. A zahiri bututu mutane ne: mataimakin koci da ya shekara 15 yana shiga ofishin kocin sakandare ɗaya, tsohon ɗan wasa da ya koma unguwarsu yana ba da labari, iyalan da suka yarda da wani saboda ya riƙe amanar ɗansu na fari. Hanyar da ta kai Marcus Mariota daga makarantar Saint Louis ta Honolulu zuwa Oregon, ko ta kai Penei Sewell, haifaffen Samowa ta Amurka da ya girma a Utah, zuwa can ɗin dai, ta dangi ce da coci da amana. Babu kocin sakandare ko ɗaya da za ka yi hulɗa da shi a wasan. Kuma tambayar "ɗan ina ne" ita kanta ta rikice. J.J. McCarthy ɗan Illinois ne, amma shekararsa ta ƙarshe ta sakandare a IMG Academy ta Bradenton ya yi ta, makarantar kwana da ke tattaro yara daga ko'ina. Duk lissafin da ya bi sakandaren ƙarshe zai rubuta shi a Fulorida.

Na uku, akwai wata ɓaraka da duk masu buga wasan suka sani: idan aka ɗan shiga kaka, za ka iya tarar da yara masu tauraro huɗu da babu makarantar da ta yi musu tayi, ƙaramar makaranta ta lallaɓa ta kwashe su ko daga wace jiha suke. Dabara ce mai daɗi in kana son nasara da wuri, amma tana rushe duk ginin da aka yi. A duniyar gaske yaro mai tauraro huɗu a Atlanta wayarsa ba ta hutawa.

Ƙofar sauya sheƙa, wato tsarin da ɗan wasa ke bi ya koma wata jami'a, tana ciki, kuma an yi ta da kyau daidai gwargwado: ɗan wasan da ka yi wa alkawarin buga wasa ka bar shi a benci zai tattara nasa ya nasa. Tun da aka buɗe ta a 2018, aka kuma cire dokar zaman shekara guda ba wasa bayan sauyi a 2021, ta zama taswira ta biyu a kan ta farko. Joe Burrow ɗan Ohayo ne da ya ci wa LSU kofin 2019. Jayden Daniels ɗan San Bernardino ne da ya bi ta Arizona State kafin ya ci Heisman a LSU ɗin a 2023. Shi da Bryce Young da C.J. Stroud da DJ Uiagalelei duk 'yan kudancin Kalifoniya ne, babu ɗayansu da ya buga wa USC ko UCLA, manyan jami'o'in Los Angeles. Young ya tafi Alabama, Stroud Ohio State, Uiagalelei Clemson, su ukun a aji ɗaya na 2020. Yanzu da USC da UCLA da Oregon da Washington suka koma Big Ten a 2024, kocin Mishigan na iya ce wa iyaye a Los Angeles zai riƙa kawo musu ɗansu gida wasa lokaci zuwa lokaci. Wasan ya zo da sabbin rukunonin, har yana barinka ka sake zana su yadda ka ga dama, wanda na yaba.

Game da wasan cikin fili, a taƙaice: yana da sauri, ƙarar filayen manyan makarantu tana rikita maka layukan da ke kan allo idan kai baƙo ne, masu sharhi kuma suna maimaita kansu har ka haddace. Sunayen kociyoyi na gaske ba sa cikin wannan fitowar, sai a College Football 26 na Yulin 2025 aka sa su, tare da ƙarin makarantu biyu, Delaware da Missouri State. Wanda zai saya yau ya fi masa ya nemi sabon, tunda ginshiƙin zawarcin ɗaya ne. Wanda ya samu na 25 da rahusa kuma bai yi asara ba.

Shawarata ga mai farawa: kada ka ɗauki Jojiya ko Alabama ko Ohio State, don a can yara ne ke zawarcinka, ba za ka koyi komai ba. Ɗauki Kennesaw State, wadda a 2024 ɗin ta hau babban mataki, ba ta da suna ba ta da awanni, amma tana zaune a tsakiyar kewayen Atlanta, inda ko ragowar da manya suka bari ya ishe ka gina ƙungiya. Ka yi kaka uku ko huɗu a can, sannan ka karɓi aikin Wyoming, ka buɗe allon ka tace shi da 'yan jiharka kaɗai, ka ga sunaye nawa za su rage.